Gonar da Ke Ciyar da Shanu da Barewa

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Ayowa. Tana shimfiɗe tsakanin manyan koguna biyu, Misisifi daga gabas, Mizuri daga yamma. Ƙasar wurin baƙa ce, mai taushi, mai albarka, har ba wata jiha a Amurka da ta kai ta noman masara. Manoman wurin suna kiwon shanu da tumaki, a kurmin bakin rafi kuma akwai barewa da yawa, waɗanda ba mai kiwonsu, amma daga gonakin mutane su ke samun yawancin abincinsu.

Shekarar mutanen Ayowa ta kasu kashi huɗu. Daga Maris zuwa Mayu lokacin toho ne, sa'ad da itatuwa ke fid da sabon ganye, a ke kuma yin shuka. Daga Yuni zuwa Agusta lokacin zafi ne, amfanin gona na girma. Daga Satumba zuwa Nuwamba kaka ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu ne, amma ba irin hunturun ƙasar Hausa ba. Sanyin can ya kan sa ruwan tafki ya daskare, ƙasa ta yi tauri kamar dutse, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki fari fat, ba abin da ke tsiro.

Kun san yadda shanu ke ramewa a ƙasar Hausa a ƙarshen rani, sa'ad da kara ya ƙare, harawa ta yi tsada, sabuwar ciyawa kuwa ba ta fito ba tukuna. To, dabbobin Ayowa ma suna da nasu lokacin yunwa, watau ƙarshen hunturu. Manomi mai hankali a can, in ya zauna zai tsara abin da zai shuka, wannan lokaci ya ke fara dubawa. Ya kan tambayi kansa, me shanunsa za su ci a watan Fabrairu, me kuma barewar kurminsa za ta samu? Daga amsar wannan tambaya ya ke komowa baya, ya raba gonarsa. Ai an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Barewa mai farar wutsiya

Dabbar da a ke magana a kai ba ainihin barewar dajin ƙasar Hausa ba ce, ta dai yi kama da ita, shi ya sa a ke ara mata sunan. Ta fi ta girma ƙwarai, gama babban namiji ya fi ƙaton rago nauyi nesa. Gashinta ja ne a lokacin zafi, in hunturu ya zo sai ya rikiɗe ya yi toka-toka. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, in ta firgita sai ta ɗaga wutsiyar sama ta zura da gudu, sauran su ga farin su bi ta. Saboda haka a ke ce da ita barewa mai farar wutsiya.

Babban abin da ya raba ta da barewarmu shi ne ƙaho. Namiji kaɗai ke da shi, kuma ƙahon ƙashi ne mai rassa kamar reshen itace. Kowace shekara a ƙarshen hunturu sai ya faɗi ƙasa, wani sabo ya tsiro a gurbinsa, ya yi ta girma har ƙarshen lokacin zafi. Tamatar kuwa ta kan ɗauki ciki a watan Nuwamba, ta yi wajen kwana 200, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sau da yawa tagwaye. Watau ke nan tana ɗauke da ciki duk tsawon hunturu, daidai lokacin da abinci ya fi wuya. In ta sha yunwa ainun, 'ya'yan su kan zo ƙanana, raunana, da yawansu ba sa rayuwa.

Barewa tana tuƙa kamar saniya, cikinta ma ɗaki huɗu ne. Amma cinta ya fi kama da na akuya. Saniya ta kan sa harshe ta naɗo ciyawa da yawa ta yanke. Barewa kuwa tsinke-tsinke ta ke yi, ta ɗan ciri toho a nan, ta tsinki ganye a can, ta tsinci 'ya'yan itace da su ka faɗo. Ba ta cika son busasshiyar ciyawa ba. Wannan bambanci ne ya sa gona guda za ta iya ɗaukarsu duka biyu, in an san yadda za a raba musu.

Yadda ta kusa ƙarewa

A dā barewar nan ta cika dazuzzukan Amurka. Da Turawa su ka yi ta sare daji suna yin gonaki, suna kuma harbinta ba iyaka domin sayar da nama da fata, sai ta yi ta raguwa. Wajen shekarar 1900 masana sun kiyasta abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce 500,000 ba. A Ayowa kusan ba a ganin ko ɗaya, har a shekarar 1898 aka hana farautarta.

Daga nan aka yi dokoki na kare ta. A shekarar 1937 gwamnatin Amurka ta yi doka cewa harajin da a ke karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi a riƙa ba jihohi, su yi aikin raya namun daji da shi. Sannu a hankali barewa ta komo. A shekarar 1953 aka sāke buɗe farautarta a Ayowa, amma da lasisi, cikin kwanaki ƙidayayyu. Yanzu an kiyasta akwai wajen miliyan 30 a Amurka. Kyarkeci da sauran manyan namun da ke cin ta a dā sun ƙare a yawancin ƙasar noma, ga kuma masara da waken soya ko'ina, don haka a wurare da yawa damuwar yau ba ƙarancinta ba ce, yawanta ne.

A dokar ƙasar, barewar daji ba ta mai gona ba ce, ta jama'a ce, hukuma ke riƙe da amanarta. To, me zai sa manomi ya shuka mata abinci? Na ɗaya, ko ya so ko ya ƙi za ta ci daga gonarsa, gara ya zaɓa mata inda za ta ci. Na biyu, shi da iyalinsa su kan yanki lasisi su yi farauta da kaka, su sami naman da za su daɗe suna ci. Na uku, waɗansu mafarauta su kan biya mai gona kuɗi domin ya bar su su yi farauta a kurminsa. Akwai kuma waɗanda ganinta kawai a bakin gona da maraice ke faranta musu rai.

Dalilin juya shuka

Juya shuka shi ne a ƙi maimaita iri guda a wuri guda kowace shekara, a riƙa sauyawa bisa tsari. Dalilansa manya guda uku ne.

Na farko, abincin ƙasa. Kowane tsiro yana bukatar wani sinadari da a ke kira naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Masara da dawa da gero suna shan sa da yawa, ba sa mayarwa. Amma dangin wake suna da wata baiwa. Ku tumɓuke gyaɗa ko wake ku duba saiwar, za ku ga ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita. In an fasa mai lafiya, cikinsa ja-ja ne. A ciki akwai waɗansu halittu ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke kamo naitirojin daga iska su ba tsiron. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Hellriegel, tare da abokin aikinsa Hermann Wilfarth, su ne su ka bayyana wannan a shekarar 1886. In dangin wake sun ruɓe a ƙasa, hatsin da ya biyo bayansu ya kan ci gādon abin da su ka bari.

Na biyu, ƙwari da cuta. A Ayowa akwai wani ƙwaro da ke saka ƙwai a ƙasar gonar masara a ƙarshen lokacin zafi. Ƙwan ya kan kwana cikin ƙasa duk hunturu, ya ƙyanƙyashe shekara mai zuwa, tsutsar ta kama cin saiwar masara har karan ya faɗi. In ta fito ta tarar waken soya aka shuka, sai yunwa ta kashe ta. Amma a cikin shekarun 1990, a jihar Ilinoi maƙwabciyar Ayowa, inda aka daɗe ana juya masara da waken soya kaɗai, sai aka ga waɗansu ƙwarin sun koma saka ƙwai a gonar waken, tsutsarsu ta fito daidai shekarar masara. Wannan ya nuna juyin iri biyu kaɗai ba ya isa kullum.

Na uku, ciyayi. Kowane amfani yana da ciyawar da ta saba bin sa. Manoman ƙasar Hausa sun san yadda wuta-wuta ke ƙaruwa a gonar da aka lizimci dawa, ta kuma ragu in an sa gyaɗa ko waken soya tsakani. Haka abin ya ke a can da nasu ciyayin.

Haɗa juyin shuka da ciyar da dabbobi tsohuwar dabara ce. A ƙasar Ingila a dā, in hunturu ya gabato a kan yanka dabbobi da yawa, don ba abin da za a ba su. Daga baya manoman lardin Nofok su ka yi suna da juyi na shekara huɗu: alkama, sa'an nan tanif, sa'an nan sha'ir, sa'an nan kuloba. Tanif ɗan'uwan kabeji ne, yana da faffaɗan ganye da dunƙulen kai a cikin ƙasa. Kuloba kuwa wata gajeriyar ciyawa ce ta dangin wake, mai ganye uku-uku. Wani basarake mai suna Charles Townshend, wanda ya rasu a 1738, ya yi ta yaɗa noman tanif har aka laƙaba masa sunansa. Dabbobi su ka sami abincin hunturu, su ka ba da taki mai yawa, takin ya ƙara alkama. Ku riƙe sunayen tanif da kuloba, gama za a sāke gamuwa da su a gonar Ayowa.

Gona huɗu, shekara huɗu

A ce ga wani manomi a Ayowa mai fili eka 100. Eka 15 kurmi ne a bakin rafi, nan barewa ke kwana. Ya keɓe eka 5 a gefen kurmin domin abincinta. Sauran eka 80 ya raba su gona huɗu, kowace eka 20. Ga yadda kowace gona za ta yi tafiyarta.

Shekara ta 1, masara. Kafin shuka ya watsa takin shanun da ya tara cikin hunturu. Da kaka ya girbe, ya sayar da wata, ya ajiye wata domin dabbobi. Sa'an nan ya saki shanu cikin karan, su ci ganye da ɓawo da zangarkun da su ka zube, suna ci suna zuba taki, kamar yadda shanun Fulani ke yi a gonakin ƙasar Hausa bayan girbi.

Shekara ta 2, waken soya. Ba ya bukatar takin naitirojin, tsutsar saiwar masara kuma ta rasa abinci.

Shekara ta 3, wani hatsi ɗan'uwan alkama, wanda Turawa ke kira ot, dawaki na sonsa ƙwarai. Tare da shi a ke shuka alfalfa, wata ciyawa ta dangin wake mai shuɗiyar fure. Hatsin ya kan riga girma, ya danne ciyayi, ya yi wa alfalfa inuwa tana ƙarama. A watan Yuli a girbe shi, a sami tsaba, a sami tattaka ta shimfiɗa wa shanu, alfalfa kuwa ta ci gaba da girma.

Shekara ta 4, alfalfa kaɗai. A kan yanke ta sau uku ko huɗu, ta sāke tohowa, a shanya ta a ɗaure, ta zama harawar hunturu. Yawan yankan nan yana gajiyar da ciyayi. Saiwarta kuma ta kan nutsa ƙafa 10 ko fiye, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Daga nan sai a kife ta, masara ta komo ta tarar da ƙasa ta ƙoshi. Ba a sāke shuka alfalfa nan take a inda aka kife tsohuwa, domin tsohuwar tana barin wani abu a ƙasa da ke hana 'ya'yanta tsiro.

Ku lura da hikimar raba gonar huɗu. Ba a fara su duka da masara ba. A shekara guda, gona ta fari tana da masara, ta biyu waken soya, ta uku hatsi, ta huɗu alfalfa. Baɗi kowace ta matsa gaba taki ɗaya. Saboda haka ba shekarar da manomin zai rasa masara, ba kuma shekarar da shanunsa za su rasa harawa.

An gwada wannan tsari sosai. Tun daga shekarar 2002 malaman Jami'ar Jihar Ayowa su ka keɓe fili a wata gonar gwaji da a ke kira Marsden, su ka jera juyin shekara biyu, da na uku, da na huɗu, suna aunawa. A rahoton da su ka fitar a 2012, juyin shekara huɗu, wanda a ke sa wa takin shanu, ya rage takin zamani na naitirojin da maganin ciyawa da fiye da kashi 80 cikin 100. Masara da waken soya sun ɗan fi yin albarka, ribar kuma ta yi daidai da ta juyin shekara biyu. Sai dai aikin ya fi yawa.

Rabon barewa

Saura eka 5 na gefen kurmi. Me ya sa a gefen kurmi? Wani masanin namun daji mai suna Aldo Leopold, wanda aka haifa a Ayowa a 1887, ya rubuta littafi a kan kula da namun daji a 1933. A ciki ya nuna cewa dabbobi irin su barewa sun fi yawa a inda wuri iri biyu su ka haɗu, kamar bakin kurmi da fili, gama a nan ga abinci, ga maɓoya kusa. Barewa ba ta son fita tsakiyar fili da rana. Saboda haka manomi ya kan yi mata gona siririya, doguwa, mai bin gefen itatuwa.

Kafin ya shuka kome, ya kan ɗebi ƙasa kaɗan ya aika a auna. In ta yi tsami sai ya watsa farar ƙasa, don kuloba da alfalfa ba sa son ƙasa mai tsami. Sa'an nan ya raba filin kashi-kashi, shi ma ya juya shi.

Kashi mafi girma kuloba ne. Tana cikin abubuwan da ke fara yin kore in hunturu ya wuce, tana kuma da abin gina jiki da yawa, daidai lokacin da uwa ke shayarwa, namiji kuma ke fid da ƙaho. Ta kan yi shekara uku ko fiye kafin ciyayi su fi ƙarfinta. In ta tsufa sai a kife ta a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a shuka tanif, ya sha naitirojin ɗin da ta bari. Barewa ta fi kula tanif bayan sanyi ya sauka. Ta kan fara da ganye, in ya ƙare ta sa kofato ta tone dusar ƙanƙara ta ci kan. Ba a maimaita tanif a wuri guda fiye da shekara biyu, gama akwai wata cuta da ke kumbura saiwar dangin kabeji, wadda ke daɗewa a ƙasa. Bayan tanif sai alkamar hunturu, wadda a ke shukawa da kaka. Ta kan tsiro ta yi kore kafin sanyi, ta jure a ƙarƙashin ƙanƙara, ta farka da wuri. A cikinta a ke watsa irin kuloba, juyi ya komo farko.

Har wa yau, in ya zo girbin manyan gonakinsa, manomin ya kan bar 'yan layuka na masara ko waken soya a tsaye ta wajen kurmi. Zangarkun da ke bisa kara ƙanƙara ba ta rufe su, sai su zama rumbun barewa a watan Janairu da Fabrairu.

Yaya za a hana shanu cinye wannan rabo? Sai a kewaye shi da shingen waya mai tsawon ƙafa 4. Saniya ba ta iya tsallakewa, barewa kuwa wannan wasa ne a gare ta. Rumbun harawar shanu kuma, in ana so a hana barewa shiga, sai an yi masa shinge na ƙafa 8.

In an bi shekara daga farko zuwa ƙarshe, za a ga ba watan da aka bari fayau. Lokacin toho, ga alkama da kuloba. Lokacin zafi, ga kuloba da ganyen waken soya, shanu kuma suna makiyaya. Da kaka, ga 'ya'yan itatuwa a kurmi, ga kara ga shanu. Da hunturu, barewa tana da tanif da masarar tsaye, shanu suna da harawa.

Abubuwan da a ke tsoro

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala duka? In hunturu ya tsananta, ba sai a zuba wa barewa buhun masara ba? Wannan kuskure ne mai kisa. A cikin tumbin kowace dabba mai tuƙa akwai ƙananan halittu da ke narkar mata da abinci, su kan kuma ɗauki makonni kafin su saba da sabon abu. Barewar da ta daɗe tana cin tsinken itace, in ta cika cikinta da tsabar masara farat ɗaya, tumbin ya kan yi tsami, ta mutu da cikakken ciki. Wadda ta saba tsintar masara a gona tun kaka, kaɗan kaɗan, ita ce ba ta cutuwa. Shanu ma haka su ke. In an sake su da yunwa cikin ɗanyar alfalfa, cikinsu ya kan kumbura har ya kashe su, don haka a kan fara ba su busasshiyar ciyawa tukuna.

Tara abinci wuri guda yana da wata illa kuma. Dabbobi su kan cunkusu, baki na taɓa inda wani baki ya taɓa, cuta ta yaɗu. A shekarar 1994 aka sami tarin fuka na shanu a jikin wata barewa da aka harba a jihar Mishigan. Da aka bincika sai aka tarar cutar ta bazu cikin barewar yankin, inda mutane su ka saba zuba musu abinci tsibi-tsibi. Daga baya aka same ta a garkunan shanu, aka hallaka garkuna, hukuma ta hana zuba wa barewa abinci a yankin. Abincin da ke tsaye a gona ya fi tsibi aminci, don dabbobi su kan warwatsu suna ci. Duk da haka manomi ya kan raba wurin cin shanunsa da wurin shansu daga na barewa.

Mai tumaki da awaki yana da nasa abin lura. Akwai wata tsutsa siririya da ke zaune a kan barewa mai farar wutsiya ba tare da ta cuce ta ba. 'Ya'yan tsutsar su kan fita cikin kashinta, su shiga jikin dodon-koɗi. In tunkiya ko akuya ta haɗiye shi cikin ciyawa, tsutsar ta kan bi lakarta, ƙafafun baya su shanye. Saboda haka ba a kai su kiwo a damshin bakin kurmi.

Sai kuma yankan alfalfa na farko, wanda ke zuwa daidai lokacin haihuwa. Uwa ta kan ɓoye ɗanta cikin doguwar ciyawa ta tafi kiwo. Ɗan kuwa, in ya ji motsi, ba ya gudu, sai ya lafe, injin yanka ya bi ta kansa. Manomi mai kula ya kan zaga gonar da ƙafa kafin yanka, ya kuma fara daga tsakiya ya nufi gefe, domin abin da ke iya gudu ya sami hanyar kurmi.

Abu na ƙarshe shi ne yawa. Abinci mai kyau ya kan sa barewa ta yi ta haihuwar tagwaye, ya kuma jawo na maƙwabta. In sun fi ƙarfin wuri, sai su cinye rabonsu, su faɗa wa waken soya, su cinye ƙananan itatuwan kurmi har ba mai maye gurbin tsofaffi. Manoma suna da dabarar gane haka. Su kan kafa ɗan kejin waya a tsakiyar kuloba, inda baki ba ya kaiwa. In ta cikin kejin ta kai gwiwa, ta waje kuwa tana manne da ƙasa, an san masu ci sun yi yawa. Maganin wannan ba ƙara shuka ba ne. Hukuma ce ke ƙara yawan lasisin harbin mata a wannan yanki, har adadin ya komo daidai da abin da ƙasa za ta iya ɗauka. A Ayowa akwai shirin da mafarauta ke ba da naman da ya fi bukatarsu, a raba wa mabukata.

Littafin manomi

Duk wannan ba ya zaunawa a ka. Manomin yana da littafi, ya zana taswirar gonarsa a ciki, ya ba kowane kashi lamba. Kowace shekara ya kan rubuta abin da ya shuka, da ranar shuka, da abin da ya girba, da ranar da harawa ta ƙare, da abin da ya gani a ɗan kejin waya. In harawa ta ƙare tun Fabrairu, ya san ko dai ya bar alfalfa ta ƙara shekara a wata gona, ko ya rage shanu. In tanif ya ƙare tun Disamba, ya san ko filin ya yi kaɗan, ko barewa ta yi yawa. Da dare cikin hunturu, sa'ad da ba aikin gona, sai ya buɗe littafin, ya gyara tsarin shekara huɗu masu zuwa.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya ƙahon barewa mai farar wutsiya ya bambanta da na barewar ƙasar Hausa?
2. Faɗi dalilai uku na juya shuka.
3. In gona ta fari tana da masara bana, me za a shuka a cikinta shekara uku masu zuwa?
4. Me ya sa a ke shuka tanif bayan kuloba?
5. Me ya sa zuba wa barewa tsabar masara a tsakiyar hunturu ya ke da haɗari?
6. Tambayi wani manomi a garinku abin da ya ke shukawa bayan dawa, da abin da dabbobinsa ke ci a ƙarshen rani. Zana gonarsa, ka raba ta huɗu, ka tsara mata juyin shekara huɗu.